Mai Buga Tulu a Layin Baya

A taron Zumuntar Mata na coci a Kafanchan, Malama Doreen ta tashi ta karanta wani gajeren labari. Labarin wata mai buga tulu ne, wadda tun rasuwar ɗanta baki kawai take motsawa in ana waƙa.

Gaban Hulda ya faɗi. Ita ke buga tulu a layin baya, kuma haka take yi. To wa ya lura? Ta ƙanƙame tulun, tana jiran kowa ya juyo.

Aka gama, aka tafa.

"Allah sarki, baiwar Allah!" in ji matar da ke gefenta, tana share hawaye. "Mama, miƙo min jakata."

Ko kallon Hulda matar ba ta yi ba.