Bulon da Ke Bakin Ƙofata

Shekara takwas na yi ina tokare ƙofata da bulo don ta zauna a buɗe. A addininmu na Yahudawa matar aure ba ta rufe ƙofa tana ciki da namijin da ba nata ba, ni kuwa matar aure ce, ko da yake mijin sai a labari. Mijin nawa Hershl ya ɗauko ni daga garinmu Vilna zuwa New York, wata safiya ya fita neman aiki, shi ke nan. Ba a ce ya mutu ba balle in yi takaba, bai sake ni ba balle in yi aure.

Zalmen mai guga ke haya a lungun kicin ɗina, matarsa ta rasu tun a can gida. In ya dawo daga shagon ɗinki sai in zuba masa miyar kabeji, in tura bulo da ƙafa, sanyi ya shigo ya ci tare da mu. Ina son mutumin nan har cikin raina, amma ko murmushi sai na auna nake ba shi. Burina Gitl, bazawarar da ƙofarta ke kallon tawa, ta ga irin kamun kaina.

Ƙanwata Rokhl takan ja ni gangamin nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. "Yaya Dvoyre," in ji ta, "kina ihu a bar ki ki zaɓi shugaban ƙasa, ke da ba ki isa ki rufe ƙofarki ba." Ni kuwa sai in hura hanci.

A shekara ta tara aka gano Hershl a Chicago. Ɗan aikensa ya sa mini takardar saki a tafin hannu a gaban malaminmu. Na dawo gida da gudu kamar yarinya, na shure bulon, na rufe ƙofa.

Zalmen da ke cin abinci a kicin ya ajiye cokali ya miƙe.

"Uwargida, don Allah buɗe. Kada Gitl ta gani."

"Ta gani mana. An sake ni."

Ya sunkuyar da kai. "An sa ranarmu da ita, wata mai zuwa."

"Yaushe har kuka saba?"

"Ta ƙofar nan. Kullum ina cin abinci tana yi mini hira daga can. Ke ai ba kya ko kallona."

Da hannuna na ɗauko bulon na mayar da shi wurinsa. Gitl na tsaye a bakin ƙofarta, ta gaishe ni da ladabi.