Inda Kili Ya Yi Birgima

Da ciwon gwiwa ya hana Malam Ayuba yankan ciyawa, ɗiyarsa Bushira ta matsa a kai ingarmansa Kili wata sabuwar barga a Aliero. Can ga daɓen siminti fes, ga fanka tana juyawa. Kili ya shinshina, ya toge a bakin ƙofa.

Suka wuce garin Katanga, gidan Yahaya, tsohon abokin Ayuba. Turke ɗaya ne a gindin tsamiya, da rairayi da harawa da kaskon kanwa. Nan take Kili ya zube yana birgima.

"Baba, nan ko rufi babu," in ji Bushira.

Ayuba ya ɗaure igiya. "Haka turken gidanmu na Kimba yake. Ke ma cikin irin rairayin ga kinka koyi tahiya. Wa ya ba ki fanka?"