Farin Dutse a Fadamar Gulma

Tun ranar da Munzali ya tsinci farin dutsen nan a bakin fadamarsa ta Gulma, zama ya gagare shi. Dutse ne mai huji-huji kamar saƙar zuma, ramukan duk tsatsa, in ka murza gefensa sai ya marmashe. Ya taɓa jin masu haƙar zinariya suna cewa irinsa ake bi. Shi ke nan, mutumin da ko rijiya bai taɓa haƙawa ba ya zama gwanin ma'adinai.

Daidai wurin kuwa irin shinkafarsa ne, ya yi kore shar, saura kwana huɗu a yi dashe. Abincin gidansa na shekara ke nan. Munzali ya dubi irin, ya dubi dutsen, ya ɗauko shebur. Abin haushi, kwana biyu yana haƙa yana jibga laka a kan irin, ko tsakuwa bai samu ba. Matarsa Riskuwa ma bai gaya mata ba, wai mata ba sa riƙe magana.

Rana ta uku ya hau mota sai Birnin Kebbi, wurin Malama Dinatu ta unguwar Badariya, wadda ta karanta ilimin duwatsu. Tana jujjuya dutsen, shi yana ta kaɗa ƙafa.

"Ruwan zafi ne ya taso daga can ƙarƙashin ƙasa, ya bi tsagar dutse, ya bar wannan farin a ciki," in ji ta. "Ramukan nan, wani abu mai ƙarfe ne ya yi tsatsa, ruwa ya wanke shi. Zinariya ba ta tsatsa, shi ya sa wani lokaci takan saura."

"Ashe akwai ta!"

"Inda ya fito, wataƙila. Fadamarku laka ce da yashi, Malam. Wannan baƙo ne, irin na wajen Yawuri."

Ya dawo gida ransa a jagule, ya wurgar da dutsen kan tabarma. Riskuwa ta yi wuf ta ɗauka.

"Kai, Malam, ina kat tsinto mini shi? Ai dutsin kaushina na, wanda Yaya Tamba yak kawo mini daga Yawuri. Ran da nik kai maka hura yaɓ ɓace, ina wanke ƙahwa bakin ruwa."



Ta zauna tana goga diddigenta, baki har kunne.

"Gobe dai za mu dashe, ko? Na hwaɗa ma mata su hito da wuri."