Ruwan Ofishin Manaja

"Mayar da jarkar nan inda ka ɗauko ta," in ji yayar masinja, ta tare ƙofa.

"Ruwa ne fa, Yaya. Manaja da bakinsa ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Aikin masinjan nan naka shi ke riƙe da gidan nan. In sun kore ka, ƙasa za mu ci?"

"Ƙasar ma ai sun kwashe."

Ya raɓa ta gefenta ya wuce.

Tun da kamfanin haƙar ma'adinai ya fara wankin dutse a saman rafi, rijiyar unguwa ta sauya ɗanɗano. Awaki suka yi ta ɓari. Sannan ɗan shi masinjan, mai shekara uku, ya fara jijjiga, bakinsa ya mutu. Likita ya ce dalma ce a jininsa. Da unguwa ta kai kuka, manaja ya ɗaga wata takarda mai hatimi, ya ce an gwada ruwan, shi kansa zai iya sha.

To, ai kuwa zai sha.

Masinja ne ke canza babbar gorar ruwan ofis. Ya san in aka tsoma bakinta a ruwan zafi, murfin zai saki ba tare da ya yage ba. Ya tace ruwan rijiya sau biyu da ƙyalle, ya ɗura, ya mayar da murfi. Garau, kamar yanzu aka sauke daga mota.

Sati uku yana kai wa manaja kofin ruwan a kan faranti, har da rusunawa.

"Ranka ya daɗe, a ƙaro?"

"Ƙaro. Kai kaɗai ka san aikinka a nan."

Duk kurɓa ɗaya, sai ya tuna bakin ɗansa yana motsi babu sauti, ya ji wani sanyi a ransa.

Ran Talata manaja ya shigo riƙe da hannun 'yarsa, wai an tashe su makaranta da wuri. Ba za ta wuce shekara huɗu ba, takalminta ma a juye ta sa. Uban ya kama waya. Ita kuwa ta nufi gorar, ta yi ɗage, hannunta bai kai famfon ba.

"Kai, ba ta ruwa mana," in ji manaja, bai ko ɗago ba.

Masinja ya ɗauki kofi. Ya cika shi. Ya tsaya, kofin a ƙirjinsa.

Yarinyar ta miƙo hannu biyu.

"Kawu, ba nawa ba ne?"