Sunan Tsohuwa

"Sunanta nika tambaya, Baba. Na yanka."

Gazali ya yi maganar bai ɗago kai daga kwamfutarsa ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bayan tashar Tambuwal, inda ake cika wa ɗalibai takardun neman makaranta. Janareta na ta tari a bakin ƙofa, fanka kuwa zafi kawai take juyawa. Malam Sambo ya gyara zama a kan benci, ya dubi lakar hanyar Kebbe da ta bushe a ƙafar wandonsa.

"Sunan tsohuwa gare ta," ya ce a hankali.

"Na'ura ba ta san tsohuwa ba."

'Yarsa Muhsina ce ta fitar da shi kunya. "Hauwa'u," ta ce, ita ma muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ta ɗauki abin da ba nata ba.

Ranar sunanta mahaifiyar Malam Sambo aka yi wa takwara, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake furta sunan a gidan. Muhsina ake kiranta. Da ya kai ta firamare, bakinsa ya kasa ɗaukar sunan uwarsa a gaban mutane, ya ce wa hedimasta Muhsina. Da aka tambayi nasa ya ce Sambo, yadda duk Kebbe ke kiransa. Haka sunan ya bi ta har jarrabawar fita sakandare. Amma shekarar da masu yin katin ɗan ƙasa suka zo gari, an yi sanarwa a masallaci cewa abin hukuma ba a yi masa laƙabi. Malam Sambo ya rubuta sunanta na yanka da nasa da ajami a 'yar takarda ya miƙa: Hauwa'u Muhammadu.

Darussa biyar ta ci da kyau, Turanci ne ya gaza kaɗan. Malama Anisa, wadda ta koyar da ita kimiyya, ita ta gaya musu cewa kwalejin fasaha ta birni na da ajin share fage. Shekara ɗaya za ta yi ta gyara Turancin, sai ta wuce difloma. Saura kwana goma a rufe karɓar takardu.

"Sakamako ya ce Muhsina Sambo, kati ya ce Hauwa'u Muhammadu," in ji Gazali. "Mutum biyu ke nan."

"Ɗiyata guda ta, malam."

"Ga Allah guda ta. Ga na'ura biyu na."

Ya ɗauki takardar sakamakon, ya daɗe yana bin layukanta da yatsa. Sannan ya ce su bar masa ta asalin, zai gwada wata hanya, amma kada su sa rai da bana. Muhsina ta riƙe bakin ledar da takardun ke ciki. Mahaifinta ya gyaɗa mata kai.

"Ba shi. Mai sana'a shi ya san ƙofa."

* * *

Mako uku ta yi tana jira. Gero ya nuna, gidan ya watse gona, ya rage ita da kakarta Inna Kulu a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa.

"Ke takwara, an ce sunana ya tare miki hanyar boko," in ji tsohuwar. "Shekara saba'in da fuɗu nika yawo da shi, bai taɓa hana ni shiga ko'ina ba."

"Ina kinka taɓa zuwa, Inna, in ba rijiya da gidan biki ba?"

"Na zo gidan kakanki, na kuma zauna daram. Ke tafi naki mu gani, mai ƙafa kamar sillen kara."

Muhsina ta yi dariya, amma duk ƙarar babur da ta ji a waje sai hannunta ya tsaya. In an kira Gazali, yau ya ce babu sabis, gobe ya ce manya ba su sa hannu ba. A ƙarshe ya ce bana ta wuce, kada su wahalar da kansu da zuwa, takardun suna nan a ajiye.

Ranar wata Alhamis da hantsi Malama Anisa ta kira wayar Malam Sambo yana tsakiyar gona. Sunaye sun fito, ta gani da idonta. Lamba ta arba'in da bakwai, Muhsina Sambo, Kebbe.

Kafin ya iso gida guɗa ta riga shi. Ya wanke ƙafa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya kama zabi biyu ya ɗaure a bayan babur.

"Yaron nan mutumin kirki na," ya ce. "Bai so ya sa muna rai ba sai abu ya tabbata."

* * *

Sun tarar da Gazali yana rufe wasu takardu da roba, injin na fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gan su bai amsa sallama da wuri ba.

"Ai na ce kada ku zo."

"Godiya munka zo yi," in ji Malam Sambo, ya ajiye zabin a bakin ƙofa.

Muhsina ba ta ji sauran gaisuwar ba. Takardar da ta fito daga injin a lokacin ta zamo ta tsaya a gefen tebur, daidai gabanta. Ta ɗauka, da ɗuminta. Takardar shiga ajin share fage ce, da sunanta a manyan baƙaƙe. A ƙasa ga lambar jarrabawarta, wadda ta haddace kamar karatun allo. A kusurwar sama kuma ga hoton wata yarinya mai faffaɗar fuska cikin hijabi ruwan toka, wadda ba ta taɓa gani ba.

"Baba," ta ce, "diba."

Malam Sambo ba ya karanta boko sosai, amma ya san fuskar 'yarsa. Ya dubi hoton, ya dubi Gazali.

"Wagga wace ta?"

"Muhsina Sambo ta. Suna na kama da suna."

"Lambar tawa ce," in ji Muhsina. "Har sakamakon nawa ne, ga Turancin da ya gaza."

Gazali ya zare takardar daga hannunta, ya sa a aljihun tebur, ya murɗa makulli. Bai ɗaga murya ba, kamar mai bayyana wa yaro darasi.

"Baba, sakamakon nan ba shi da amfani gare ku, na faɗa muku tun farko. Da ya ruɓe cikin leda, ai gara ya amfani ɗiyar wani musulmi. Waccan an yi mata kati da sunan, komi nata ya yi daidai."

"Mu tafi kwalejin, su ga mai abu."

"Ku tafi. Abin da za su fara tambaya kati na. Ita ta fiddo nata, Muhsina Sambo. Taka ta fiddo nata. To wa za a ce ta zo satar sunan wani? Hoton jarrabawa kuwa ɗan mitsitsi na, cikin hijabi duk fuska guda ta. Uban waccan ko ba a kai shi ƙara a garin nan, shi aka kai ma ƙara."

Malam Sambo ya dubi 'yarsa. Shekara goma sha tara yana kiran yarinyar nan da suna ɗaya, maƙwabta shaida ne, malamanta shaida ne, amma duk cikinsu ba mai hatimi. Ya nemi takardar asali. Gazali ya miƙo masa kwafi, baƙi-baƙi, layi ya ratsa tsakiyarsa.

Da suka fito, zabin na kwance a rana, bakinsu a buɗe. Ya tsaya kansu jim kaɗan, sannan ya mayar da su bayan babur.

* * *

Sun shigo Kebbe bayan la'asar, maza na zaune a ƙofar gida suna jiransu.

"Barka, Malam Sambo. Allah shi sa albarka."

Ya kafe babur, ya daɗe yana gyara tsayuwarsa.

"Amin," ya ce.

Muhsina ta wuce ciki. Inna Kulu na zaune gaban turmi, ta aika an sayo barkono da citta, ta daka yaji mai yawa, tana ɗura shi a gwangwani da cokali. Idanunta na ruwa saboda ƙaurin.

"Zo nan, 'yar birni. An ce abincin makaranta lami na. Wanga shi kai ki har hutun farko. Ɗanɗana ki ji ko gishiri ya ji."

Muhsina ta durƙusa, ta dangwala yatsa ta kai baki.

"Ya ji, Inna."

Tsohuwar ta danna murfin da tafin hannu, ta jawo gwangwani na biyu.