Shekara Tara Ina Ɗinka Aljihu

Shekara tara ke nan ina ɗinka aljihu. Ba riga ba, aljihu kawai. Haka aikin yake a masana'antarmu ta kayan makaranta: riga ta taso daga farkon layi, wannan ta haɗa kafaɗa, waccan ta sa hannu, ni in manna aljihu a ƙirjin hagu in tura gaba. Har sunayenmu aikin ya cinye. Ta kusa da ni Hannu muke ce mata, ni Aljihu, shugabar layin kuwa Agogo, don ba ta kallon fuskarki sai ta fara duba lokaci.

Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya wankewa. Bayana ya ƙage, idona ya fara neman tabarau. Amma albashi ba ya fashi, kuma da shi nake riƙe da Inna.

Ana haka Yaya ya zo da magana. Mai gyaran takalmin da ke rabin shagonsa ya tashi.

"Ki kawo kekenki ki zauna," in ji shi. "Amma ki ba ni amsa ranar Litinin, akwai mai so."

Na ce zan yi tunani. A raina kuwa cewa nake ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ranar hutu na jawo tsohon kekena daga bayan ƙofa, na kaɗe shi, na ɗiga masa mai. Na ce bari in gwada kaina da rigar Inna, mai sauƙi, irin wadda a da nake gamawa kafin rana ta take. Da na zo yankan hannu sai na tsaya riƙe da almakashi kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Sau uku ina ɗinkawa ina farkewa. A na huɗu na haƙura, na manna mata aljihu don kada in tashi a banza.

Inna ta sa rigar. Hannun dama ya tattare a hammata, na hagu ya haɗiye yatsunta.

"Wannan sai dai in daina miƙa wa mutane hannu," ta ce. Ta shafa bakin aljihun. "Shi kam ba a magana."

Na yi dariya, ƙwalla na biye da ita. "Kin gani ko, Inna? Wa zai kawo wa irina ɗinki? Gara in zauna inda nake."

"Rigar farko da kika yi min ta fi wannan muni, kuma na sa ta har ta yage," in ji ta. "Lokacin koyo kike yi. Yanzu mantawa kike yi. In kin ƙara wasu shekaru taran fa?"



Ranar Litinin, da aka tashi cin abinci, na ɗauko rigar daga jaka na nuna wa Hannu. Ta girme ni a wurin da shekara biyar, kuma ba abin da take taɓawa sai hannun riga.

"Don Allah nuna min yadda ake yanka shi."

Ta jujjuya rigar, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo min.

"Ni ma a yanke yake zuwar min," ta ce, ta ci gaba da cin abincinta.

Ban ƙarasa nawa ba. Na kira Yaya na ce ya sallami mai so ɗin nan, sannan na sami Agogo na gaya mata ƙarshen wata zan ajiye aiki. Na zaci za ta ce in sake tunani. Shekara tara ai ba kwana tara ba ne. Ta duba lokaci, ta ce to.

Bayan an dawo daga cin abinci ta zaunar da wata sabuwar ma'aikaciya a gefena, ta ce in koya mata aikina kafin in tafi. Tun ba a tashi ba na gama koya mata.