Tarin Direban Tanka

Mai fim tana tsaka da gyaran sauti sai wata mata ta yi sallama, ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran likita. Nan take mai fim ta gane ta. Matar direban tankar nan ce, wanda ya tona a fim ɗinta yadda kamfanin rini ke sa su juye dagwalo a kogin da jama'a ke sha. Fim ɗin ya yi aiki, an garƙame kamfanin. Shi kuwa direban, ciwon ƙirji ya tafi da shi wata biyu da suka wuce.

"'Yar'uwa, fuskarsa na zo gani," in ji matar. "Mutumin nan ko hoton kirki bai bar mana ba. Da ka ɗaga waya sai ya kare da hula. Autarmu ta fara mance kamanninsa."

Mai fim ta tuna ranar da ta ɗauki hirarsa. Sharaɗin da direban ya gindaya ke nan kafin ya buɗe baki: a dusashe fuskarsa, a sauya muryarsa, a goge bidiyon na asali. Ita kuwa, uwar cika alkawari, a gabansa ta goge, har da kwafin ajiya. Ranar har alfahari ta yi.

"Yaya, wallahi babu," in ji mai fim. "Shi ya ce in goge. Tsoro yake kada a taɓa ku."

Matar ta gyaɗa kai. "Halinsa ne. To, nuna mini wanda ya rage."

Ta kunna. Ga mutum zaune, kansa dunƙulen hazo, yana magana da wata ƙatuwar murya ta inji. Matar ta matso har numfashinta na taɓa gilashin kwamfutar, ba ta sami mijinta ba. Mai fim ta ji kamar ta nutse don baƙin ciki.

Can sai mutumin ya tsaya ya yi tari, sau uku, na ƙarshen da ɗan fito. Tarin kaɗai mai fim ta bari yadda yake, don masu kallo su ji abin da dagwalon ya yi wa ƙirjinsa.

Matar ta damƙe mata hannu.

"Shi ne! Tarin nan da ya hana ni barci shekara guda, har ina yi masa mita." Ta share ido da gefen mayafi. "Mayar baya, 'yar'uwa. Ƙara mini sauti."